Waiwaye: Shekarar 2000 da ta raba birnin Kaduna gida biyu

Duk wanda ya tashi daga tsakiyar birnin Kaduna ya haye gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ya nufi kudu, zai bi ta kusa da Barnawa da Kakuri kafin ya isa Unguwar Television, daga nan kuma sai Sabon Tasha.

A yau galibin mazauna Television da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita Kiristoci ne, kamar yadda galibin mazauna Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, a ɗaya ɓangaren kogin, Musulmi ne.

Tun asali akwai unguwannin da mabiya wani addini suka fi rinjaye, amma rabuwar ba ta kai haka ba sai bayan tashe-tashen hankulan shekarar 2000, lokacin da dubban iyalai suka kwashe kayansu suka haye kogin, wasu kudu wasu arewa.

Shekara ce da Najeriya ta sha fama da zanga-zanga da yajin aiki da faɗace-faɗacen ƙabilanci da na addini, kuma babu inda abin ya yi muni kamar Kaduna.

Birnin kowa da kowa

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa Kaduna a ƙasar Gwari, kuma a shekarar 1917 suka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru. Ma'aikatan gwamnati da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa daga sassa daban-daban na ƙasar su ne suka fara cika birnin.

Daga baya masana'antu suka bunƙasa a kudancin kogin. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙun kamar Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Sai masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980.

Ma'aikatan waɗannan masana'antu ne suka cika gidajen haya a Kakuri da Makera da Nasarawa da Television. Ba abin mamaki ba ne a wancan zamani a sami Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Bajju da Inyamuri suna haya a gida ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya.

Sai dai tun kafin shekarar 2000 zaman ya fara tsami. Rikicin Kafanchan na watan Maris ɗin 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya, haka ma rikicin Zangon Kataf na watan Mayun 1992.

A ƙarƙashin waɗannan rikice-rikice akwai daɗaɗɗen ƙorafi na ƙabilun kudancin jihar, waɗanda akasarinsu Kiristoci ne, cewa an daɗe ana mulkinsu daga masarautar Zazzau ba da son ransu ba. Su kuma Hausawa da Fulanin da suka yi shekaru aru-aru a garuruwan kudancin jihar suna kukan cewa ana ɗaukarsu baƙi a inda aka haifi kakanninsu.

Kazalika tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka ɓullo da shi a 1986 ya raunana masaƙun, aka yi ta sallamar ma'aikata, matasa marasa aikin yi suka yawaita a kowace unguwa.

Batun Shari'a

A ranar 29 ga watan Mayun 1999 aka rantsar da Cif Olusegun Obasanjo a matsayin shugaban ƙasa, bayan fiye da shekaru 15 na mulkin soja.

Watanni biyar bayan haka, a ranar 27 ga watan Oktoba, gwamnan Zamfara Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a gaban ɗimbin jama'a a Gusau. Dokar ta fara aiki a ranar 27 ga watan Janairun 2000.

Batun dai ba sabo ba ne. Tun gab da samun 'yancin kai a 1960 aka maye gurbin hukunce-hukuncen manyan laifuka na Musulunci a Arewa da kundin Penal Code, aka bar wa Shari'a sha'anin aure da gado da makamantansu. A 1978 kuma wakilai Musulmi sun fice daga majalisar tsara kundin mulki saboda taƙaddama kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya.

Masu goyon bayan matakin Zamfara sun kafa hujja da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya bai wa kowa 'yancin yin addininsa. Talakawa da dama kuma suna ganin Shari'a ce za ta yi maganin rashin adalci da cin hanci da suka addabe su.

Masu adawa kuwa sun kafa hujja da sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma.

A Zamfara kusan kowa Musulmi ne. A Kaduna kuwa kowane ɓangare yana da ɗimbin jama'a, kuma kowanne yana iƙirarin shi ne mafi rinjaye.

A watan Disamban 1999 majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti mai mutum 11 domin jin ra'ayin jama'a kan yiwuwar aiwatar da Shari'a. 'Yan majalisa Kiristoci sun ce ba a bi ƙa'ida wajen kafa shi ba, suka ƙaurace masa, don haka ya kasance duk 'yan kwamitin Musulmi ne.

Makwanni aka shafe ƙungiyoyin Musulmi na tururuwa zuwa harabar majalisar da ke Lugard Hall suna miƙa takardun goyon baya, yayin da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke gudanar da nata tarurrukan na nuna adawa.

Litinin, 21 ga Fabrairu

Da safiyar ranar Litinin 21 ga watan Fabrairun 2000, dubban Kiristoci, da yawansu daga unguwannin kudancin kogin, suka yi jerin gwano zuwa majalisar dokoki da gidan gwamnati domin nuna rashin amincewarsu.

A lokacin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi yana ƙasar waje wajen jinya, mataimakinsa Mista Stephen Shekari ne ke riƙe da jihar.

Har yanzu kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya alhakin fara tsokana. Musulmi na cewa masu zanga-zangar sun riƙa furta kalaman ɓatanci da tilasta wa mutane bin sahunsu. Kiristoci kuma na cewa jifarsu aka fara yi alhali suna tafiya cikin lumana.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne kafin la'asar wuta ta kama birnin. Matasa ɗauke da adduna da gariyo da bindigogi da galan-galan na fetur suka datse hanyoyi, suna tambayar masu wucewa sunayensu da addininsu.

A unguwannin arewacin kogin an kashe Kiristoci, an ƙone majami'u da gidaje da shaguna. A unguwannin kudanci kuma an kashe Musulmi, an ƙone masallatai da gidaje da shaguna. Wanda ya kasance tsiraru a unguwarsa, ko wane addini yake bi, shi ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

An kafa dokar hana fita, aka kuma girke sojoji, amma sai da aka kwashe kwanaki kafin ƙura ta lafa. Dubban mutane sun nemi mafaka a barikokin soja da na 'yan sanda.

A tsakiyar wannan bala'i an sami mutane da dama, Musulmi da Kirista, da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu, wasu ma suka raka su har bariki, duk da haɗarin da ke tattare da yin hakan.

Ramuwar gayya

Da gawarwakin 'yan ƙabilar Ibo da aka kashe a Kaduna suka fara isa kudu maso gabas, sai tarzoma ta ɓarke a Aba a ranar 28 ga watan Fabrairu, ta kuma bazu zuwa Umuahia da Owerri da wasu garuruwa. An kashe ɗaruruwan 'yan Arewa, galibinsu 'yan kasuwa da 'yan ci-rani da ba su san hawa ba balle sauka.

Washegari majalisar magabata ta ƙasa ta yi zama a Abuja. Bayan taron mataimakin shugaban ƙasa Alhaji Atiku Abubakar ya sanar da cewa an amince a dakatar da aiwatar da Shari'a, a koma yadda ake a da.

Sai dai tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Alhaji Shehu Shagari da Janar Muhammadu Buhari, sun fito sun ƙalubalanci sanarwar, kuma Zamfara ba ta janye ba. A cikin watan Maris ma aka yanke wa wani mutum hannu a jihar bisa laifin satar saniya, karon farko da aka zartar da irin wannan hukunci a ƙarƙashin sabuwar dokar.

A jawabinsa ga al'ummar ƙasa a ranar 1 ga watan Maris, Shugaba Obasanjo ya bayyana abin da ya faru a matsayin zubar da jini mafi muni da ya gani tun bayan yaƙin basasa.

A cikin watan ne gwamnonin jihohi biyar na kudu maso gabas suka yi kiran a sassauta tarayyar Najeriya, kowane yanki ya riƙa cin gashin kansa. A watan ne kuma manyan Arewa suka hallara a Kaduna suka kafa ƙungiyar tuntuɓa ta ACF.

Zagaye na biyu

A ranar Litinin 22 ga watan Mayu rikici ya sake ɓarkewa, bayan da aka tsinci gawar wani mutum a yankin Narayi, a kudancin kogin. Kwana biyu aka yi ana ɗauki-ba-daɗi, kuma a cikin waɗanda suka rasa rayukansu har da wani ɗan majalisar wakilai ta tarayya da wani limamin cocin Katolika.

Masu lura da al'amura na ganin wannan zagaye na biyu ne ya yanke ƙaunar mutane da yawa. Waɗanda suka koma gidajensu bayan rikicin Fabrairu, suka fara gyara rufin da ya ƙone, sai suka sake gudu, kuma a wannan karon ba su dawo ba.

Babu alƙaluman da kowa ya amince da su game da yawan waɗanda suka mutu. Hukumar binciken da gwamnatin jihar ta kafa ta ce aƙalla mutum 1,295 ne aka kashe a rikicin Fabrairu, ban da waɗanda suka ɓata.

Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch kuwa ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu a rikice-rikicen biyu, kuma mai yiwuwa adadin ya kai 5,000.

Sauran sassan ƙasar

Ba Kaduna kaɗai ce ta ga tashin hankali a shekarar ba.

A ranar da rikici ya sake ɓarkewa a Kaduna, wato 22 ga watan Mayu, ƙungiyar MASSOB ta Ralph Uwazuruike ta kafa tutar Biyafara a Aba.

A watan ne kuma yaƙin Saliyo, inda sojojin Najeriya suka shafe shekaru suna fafatawa a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, ya sake rincaɓewa, bayan da 'yan tawayen RUF suka yi garkuwa da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 500.

A watan Yuni gwamnati ta ƙara farashin litar man fetur daga naira 20 zuwa naira 30. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Adams Oshiomhole, wanda shi kansa a ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a Kaduna ya yi suna, ta kira yajin aikin gama-gari da ya tsayar da al'amura cik, har sai da aka mayar da farashin naira 22.

A watan Oktoba an yi arangama tsakanin 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC da Hausawa mazauna Legas, inda fiye da mutum 100 suka mutu.

Duk da haka jihohin Arewa sun ci gaba da rungumar Shari'a. Kano ta ƙaddamar da tata a watan Yuni, kuma a cikin shekaru biyu jihohin da suka ɗauki matakin sun kai 12.

Ƙaura zuwa tsallaken kogi

A watannin da suka biyo bayan rikicin, Kiristocin Tudun Wada da Rigasa da wasu unguwannin arewa suka koma Television da Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmin da ke waɗannan unguwanni kuma suka yi akasin haka.

Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance. Wasu sun yi musayar gida da wanda shi ma yake neman tsallakawa. Wasu kuwa sun bar kangon ne kawai, wasu ma suka bar jihar baki ɗaya.

Har ta kai wasu mazauna birnin na yi wa arewacin kogin laƙabi da Makka, kudancin kuma Kudus.

Rabuwar ba ta bi iyakokin hukuma ba. Television da Tudun Wada duka mazaɓu ne a ƙaramar hukuma ɗaya, wato Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera. Shugaban ƙaramar hukuma ɗaya suke zaɓa, amma akwai mazaunan kowacce da ke shakkar kwana a ɗayar.

Haka nan rabuwar ba ta zama ɗari bisa ɗari ba. Har yanzu akwai Musulmi da yawa a Makera da Kakuri da Barnawa, akwai kuma Kiristoci a wasu unguwannin arewa. Da rana jama'a na cuɗanya a ma'aikatu da babbar kasuwa da asibitoci, sai da yamma kowa ya nufi ɓangarensa.

Ƙoƙarin sasantawa

Gwamnatin Maƙarfi ta ɗauki matakai biyu da ake ganin sun rage zafin rikicin.

Na farko, ta ƙirƙiro sabbin masarautu ga ƙabilun kudancin jihar, ƙari a kan waɗanda gwamnatin soja ta kafa wa Atyap da Bajju a 1995, domin kowace al'umma ta sami sarkinta.

Na biyu, a watan Nuwamban 2001 ta ɓullo da tsarin kotuna uku: kotunan Shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, sai kuma kotunan majistare da manyan kotuna da aka gada. Ba a tilasta wa wanda ba Musulmi ba zuwa kotun Shari'a.

A ranar 22 ga watan Agustan 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sanya hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen ƙulla ta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai.

Amma watanni uku kacal bayan haka, wani sharhi na ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW) da jaridar ThisDay ta buga dangane da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya haddasa sabuwar tarzoma a birnin, inda kimanin mutum 250 suka mutu.

An sake zubar da jini a jihar bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011, da kuma a watan Yunin 2012 bayan hare-haren bama-bamai a kan majami'u a Zariya da Kaduna.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun sha nanata cewa ƙalilan ne aka hukunta cikin waɗanda suka aikata kashe-kashen ko suka ingiza su, kuma rashin hukuncin na daga cikin dalilan da suka sa abin ke maimaituwa.

Su kuma masaƙun da suka haɗa jama'a wuri guda sun durƙushe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, inda dubban ma'aikata suka rasa aiki.

Misalin Amurka

Ƙasashe da dama na da irin wannan shekara a tarihinsu. Ta Amurka ita ce 1968, lokacin da take da sojoji fiye da rabin miliyan a yaƙin Vietnam, kuma fiye da 16,000 daga cikinsu suka mutu a shekarar kaɗai, abin da ya ƙara rura wutar zanga-zangar ƙin jinin yaƙin.

A ranar 4 ga watan Afrilun shekarar aka harbe jagoran baƙar fata Martin Luther King a Memphis, tarzoma ta ɓarke a birane fiye da 100. A watan Yuni kuma aka kashe Sanata Robert Kennedy yana tsakiyar neman takarar shugabancin ƙasa.

Makwanni kaɗan kafin kisan Mista King, wata hukuma da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa, wadda ake kira hukumar Kerner, ta yi gargaɗin cewa ƙasar na neman rabuwa zuwa al'ummomi biyu da ba sa zama wuri ɗaya, farare da baƙaƙe.

Mako guda bayan kisan, Shugaba Johnson ya sanya hannu kan dokar da ta haramta nuna bambancin launin fata ko addini wajen sayar da gida ko bayar da haya. Duk da haka, fiye da shekaru hamsin bayan dokar, biranen Amurka da yawa na nan da unguwannin farare da na baƙaƙe.

Tarihin ƙasashen biyu ya sha bamban, amma misalin na nuna cewa gyara doka ya fi sauƙi a kan mayar da mutane unguwar da suka gudu suka bari.

Abin da ya rage

A Kaduna an kashe wutar taƙaddamar Shari'a cikin ƙasa da shekaru biyu, kuma tsarin kotuna ukun ya zauna da gindinsa. A 2010 ma jihar ta sami gwamna Kirista na farko, Mista Patrick Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a watan Disamban 2012.

Taswirar da shekarar 2000 ta zana kuwa tana nan.

Akwai masu ganin rabuwar ta taimaka, domin a cewarsu kowa na barci da ido biyu rufe a cikin 'yan uwansa. Wasu kuma na cewa ita ce babbar barazana, domin tana sauƙaƙa yaɗuwar jita-jita, tana kuma sa matafiyin da rikici ya rutsa da shi a ɓangaren da ba nasa ba cikin haɗari.

Yaran da aka haifa a Television ko Rigasa a shekarar 2000 yanzu sun zama magidanta. Da yawansu sun yi firamare da sakandare ba tare da sun zauna aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, saɓanin iyayensu da suka tashi a tsakar gida guda.

Malaman addini da ƙungiyoyin sa-kai na ci gaba da shirya ziyarce-ziyarce da wasannin ƙwallo da buɗe-baki na haɗin gwiwa tsakanin ɓangarorin biyu. Sai dai masu nazarin birnin na cewa ma'aunin gaskiya shi ne ranar da mai gida a Tudun Wada ko a Television zai bai wa baƙo hayar ɗaki ba tare da ya fara tambayar addininsa ba.